Daga Tishka Zuwa Ait Bin Haddu a Kan Keke

Dokar farko da jagoranmu ya kafa mana tun muna kan teburin karin kumallo a Marakesh, a ƙasar Maroko, ita ce, babu mai wuce shi a hanya komai ƙarfin ƙafar mutum. Ta biyu kuwa, babu wanda za a bari a baya. Shi yana gaba a kan kekensa, mu muna tsakiya, motar kaya tana bin bayan na ƙarshenmu a hankali, ko da kuwa tafiyar tasa ba ta fi ta mai tafiya a ƙasa ba.

Mu goma sha biyu ne. Turawan Ingila da Jamus da Holan su ne suka fi yawa, sai wasu ma'aurata daga Kanada, sai ni. Ma'aikata huɗu ne ke ɗauke da mu: jagora, makaniki, direba da mai dafa abinci, dukansu Amazigawa ne, wato asalin mazauna yankin, 'yan cikin duwatsun Atlas. Jagoran ya ture kwanukan zuma da man zaitun gefe, ya shimfiɗa taswira, ya bi hanyar da yatsa. Mota za ta kai mu har mashigar Tishka, inda titi ke ketara ƙolin duwatsun. Daga nan a hau keke, kimanin kilomita 20 zuwa Telwet, a ci abinci, sannan kusan 50 zuwa Ait Bin Haddu. Ya ce, "Yawancinta gangara ce." Wata tsohuwa 'yar Jamus da ta saba irin wannan yawo ta tambaye shi, "To, ragowar fa?" Ya yi dariya kawai ya naɗe taswirarsa.

Kafin a fita akwai batun sutura, kuma ba ƙaramin batu ba ne. Wandon masu tseren keke gajere ne, mai ɗame jiki, an ɗinka masa soso a mazauni. Wanda bai san amfanin soson nan ba zai sani kafin azahar. Ni dai ba zan iya ratsa ƙauyukan Musulmi da shi haka nan ba, balle in tsaya salla a ciki, don haka na ɗora masa dogon wando mara nauyi, na cusa ƙafar dama cikin safa don kada sarƙa ta kama. Sai hular kwano, wadda ba a yarda kowa ya hau babu ita ba, da safar hannu, da baƙin tabarau saboda ƙura da ƙwari, da riga mai tare iska. Watan Maris ne. A Marakesh rana ta fara ɗumi, amma an gargaɗe mu cewa can sama wani labarin ne.

Hanyar da ta haɗa Marakesh da Warzazat, wadda ake kira N9, kwana ce bisa kwana. Kekunanmu na jere a saman mota an ɗaure su tamau, mu kuma a ciki kowa ya yi tsit, masu jin jiri sun rufe ido. A ƙolin mashigar akwai allo da aka rubuta tsayin wurin, mita 2260, da masu sayar da duwatsu masu ƙyalli waɗanda launin wasunsu ya yi kyau har ya wuce a yarda da shi. Ina buɗe ƙofar mota sanyi ya mare ni. Dusar ƙanƙara na kwance fari fat a kan duwatsun da ke kewaye. Muka ɗan gangara zuwa mararrabar da hanyar Telwet ta rabu da babban titi, a nan aka sauke kekuna.

Aikin makaniki ya fara. Ɗaya bayan ɗaya yake kiranmu. Mutum zai hau, ya dafa mota, ya sa dunduniya a kan feda idan ta kai ƙasa. In gwiwa ta miƙe sak, tsayin sirdi ya yi daidai. Da ya gama da nawa sai na ga ƙafata ba ta kai ƙasa in ina zaune. Na ce masa ya yi tsawo. Ya ce, "Ɗan'uwa, sirdin nan don tuƙi aka yi shi, ba don tsayuwa ba. In za ka tsaya, ka sauko gaba. In na rage maka, gwiwarka ce za ta biya da yamma." Wani Bature ɗan Ingila kuma ya matsa birki ya ce an juya masa su. A ƙasarsu hannun dama ne ke riƙe da birkin gaba, a sauran Turai kuwa da kekunan da aka ba mu, na hagu ne. Abin kamar wasa, amma mutumin da ya damƙe birkin gaba da ƙarfi a gangara yana zaton na baya ne, ta saman keken zai wuntsula. Makanikin bai yi musu ba, ya ɗauko kayan aiki ya sauya masa.

Sai darasin alamu. Hannu sama, za a tsaya. Yatsa na nuna ƙasa, akwai rami ko dutse, kuma duk wanda ya gani ya nuna wa na bayansa. A bar tazarar keke uku a gangara. A sha ruwa tun kafin a ji ƙishi. Hannun dama ake bi a Maroko kamar a Najeriya, wannan bai dame ni ba, 'yan Ingila ne aka yi ta tunasarwa.

Gangarar farko ita ce ta fi ba ni tsoro a duk yinin, fiye da kowane tudu. Keken irin na hawan dutse ne, mara nauyi, kana sakin birki yake tafiya da kansa. Kwalta ce siririya, a wasu wurare ruwa ya cinye gefenta, a kwanoni kuma akwai tsakuwa da ta zubo daga dutse. Zuciya tana ce maka ka matse birki ka riƙe, amma jagora ya hana: riƙon birki na tsawon lokaci yana sa faifansa ya yi zafi ya rage ci, yatsu kuma su sage. Abin da ake yi shi ne a matsa, a saki, a sake matsawa, a rage gudu tun kafin a shiga kwana, a ɗaga fedar da ke cikin kwanar sama, a kalli inda ake son zuwa ba ramin da ake tsoro ba. Wannan na ƙarshen ya fi wuya. Ido yana son rami. Sai da muka yi nisa kafaɗuna suka saki, na fara ganin ƙasar da muke ratsawa: jar ƙasa jawur, ga shuɗin dutse, ga koren sha'ir a ƙananan gonaki da aka yanka hawa-hawa a jikin tudu, ga itatuwan almon sun yi fure.

Telwet ƙaramin gari ne, amma gidan da ke gefensa ya taɓa juya kudancin Maroko. Gidan zuri'ar Gilawi ne. Tun kafin a yi titin mota, ta nan ayarin da ya fito daga Sahara yake ketara Atlas zuwa Marakesh, kuma masu wannan gida su ke karɓar kuɗin hanya, ga kuma ma'adinin gishiri a hannunsu. A 1893 Sarkin Maroko Hassan na Ɗaya yana dawowa daga yankin Tafilalt da rundunarsa a jigace, sanyi ya rutsa su a duwatsun nan, Madani al-Gilawi ya sauke su ya ciyar da su. Cikin tukuicin da sarki ya bar masa har da igwa ƙirar Krupp, wadda ta ba shi fifiko a kan maƙwabta. Ƙanensa Tuhami ya zama Pasha, wato gwamna, na Marakesh a 1912, ya jingina da Faransawa, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya aka tuɓe Sarki Muhammadu na Biyar aka kai shi gudun hijira a 1953. Da sarkin zai dawo a 1955, Tuhami ya je ya durƙusa gabansa yana neman gafara. Ya rasu a Janairun 1956, 'yan makonni kafin ƙasar ta sami 'yancin kai, aka kuma ƙwace dukiyar gidan daga baya.

Daga waje kango ne. Bango ya tsattsage, wasu ɗakunan rufinsu ya rufta. Mai gadi ya bi da mu ta wani dogon lungu mai duhu, muna tafe takalman keke na ƙwas-ƙwas, sai ya tura wata ƙofa. Ɗakunan baƙi ne, kuma kamar jiya aka gama su. Daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum ƙananan tayil ne masu launi, kowane ƙwaya an yanka ta da hannu an jera har ta ba da tauraro cikin tauraro. Daga nan zuwa sama farar sassaƙa ce mai laushin gani, rufin kuma katako ne da aka zane shi kaf, ba a bar ko tafin hannu ba. Ta wata taga mai adon ƙarfe kana hango gonaki da gidajen ƙasa na talakawan da guminsu ya gina wurin. Jagoranmu, wanda mutumin yankin ne, bai yabi mai gidan ba, bai kuma zage shi ba. Ya ce dai tsofaffinsu ba sa ambaton sunan da daɗin baki. Wannan ziyara kafin girgizar ƙasar Satumban 2023 ce, wadda ta hallaka kusan mutum dubu uku a yankin Atlas ta kuma rusa gine-ginen ƙasa da yawa.

Mun tarar mai dafa abinci ya riga mu zuwa bakin rafi, ya shimfiɗa darduma a inuwa. Gurasa, salak na tumatir da kokwamba, zaitun, wake, ƙwai da aka dafa da tumatir a cikin tukunyar tajin, lemo, sai shayin na'ana'a mai sukari kamar ba gobe. Jagora ya ce kada a cika ciki, akwai aiki a gaba. Babu wanda ya saurare shi.

Ni da direba da mai dafa abinci muka koma gefe. Ruwan magudanar da na yi alwala da shi narkakkiyar ƙanƙara ce daga saman dutse, sai da haƙorana suka amsa. Muka haɗa azahar da la'asar, muka yi kasaru. Bayan sallama mai dafa abincin ya tambaye ni irin karatun da muke yi a ƙasarmu. Na ɗan ja masa farkon Baƙara yadda aka biya mana a makarantar allo, sai ga shi ya kama yana bi, bakinmu ɗaya. Warshu ce, ita suke karantawa, kuma shi ma a allon katako ya koya, a rubuta, a haddace, a wanke. Mazhabarsu ma Malikiyya ce. Daga nan matsayina a wurin ma'aikatan ya sauya. Na tashi daga baƙo mai biyan kuɗi na koma ɗan gida da za a iya yi wa tsiya, kuma sun yi mini ita har yamma.

Bayan Telwet kaɗan muka wuce wurin haƙar gishirin. Har yanzu ana ganin farin sa ya bi jar ƙasar gefen hanya. A nan ne tsarin tafiyar tamu ya tuna mini da ayarin fataken da kakanni ke ba da labari: ga jagaba a gaba yana duba hanya, ga madugu mai yanke inda za a yi zango, ga mai kula da na baya da dabbar da ta gaji. Abin da ya canza shi ne mu ba mu ɗauko hajar komai ba, mu ne ma hajar. Fataken ƙasar Hausa sun fi bin Agadas da Gat da Gadamas zuwa Tarabulus. Wannan da muke bi ta kwarin Unila hanyar masu fitowa daga Tambutu ce ta kwarin Dar'a. Da Faransawa suka fasa titin Tishka a shekarun 1930 suka kauce wa Telwet, sai hanyar ta mutu, shi ya sa yau ta yi wa masu keke daɗi. Sai ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da mota ba, sai jaki, sai tasi ɗaya cike maƙil.

Ragowar da tsohuwar nan ta tambaya ta bayyana bayan ƙauyen Anmitar. Rafin ya shige cikin kwazazzabo, hanya kuma ta rabu da shi ta kama gefen dutse ta yi sama. A tudu kaɗai jagora yake sassauta dokarsa: kowa ya hau da ƙarfinsa, a haɗu a ƙoli. Nan take ayarin ya tsinke. Matasan Holan biyu suka miƙe tsaye kan feda suka ɓace. Ni kuwa na yi ta sauke giya har ta ƙare, ƙafa na juyawa da sauri keke na tafiya kamar ba ya so. Iskar wurin ba ta da kauri, sai ka ja numfashi ka ji bai isa ba. Abincin rana ya dawo maƙogwaro yana tambaya. Cinya ta ɗau wuta. Dabarar da ta taimake ni ita ce in daina kallon ƙoli, in zaɓi wani dutse a gefen hanya in ce can zan kai, in na kai in zaɓi wani.

Ina cikin haka sai na ji muryar jagora a kafaɗata. Ya kai sama ya juyo. Bai ce mini in yi ƙoƙari ba, bai tambaye ni ko na gaji ba. Hira ya kama yi mini kan farashin rago a Kano da layya, yana tuƙi daidai da tafiyata, har na ga ina amsawa. Daga baya na gane gwaji ne: wanda ke iya magana bai kai ga haɗari ba, wanda ya kasa haɗa jimla shi ake kira wa mota. Da ya gamsu da ni sai ya ƙara gangarawa wurin matar ɗan Kanada da ke bayana.

A ƙoli ne na ga abin da ya bambanta jagora na gari da mai rakiya kawai. Irin wannan tafiya tana da wani zalunci ɓoyayye. Masu ƙarfi su ke fara isowa, su sha ruwa, su ɗau hoto, su huta har jiki ya yi sanyi. Na ƙarshe yana isowa yana haki, sai a ce to mu tafi. Wanda ya fi buƙatar hutu shi ne ba ya samu. Jagoranmu ba ya fara lissafin hutu sai na ƙarshe ya sa ƙafa a ƙasa. Wani daga cikinmu, mai na'urar auna gudu a kan kekensa, ya fara gunaguni cewa ana ɓata masa lissafi. Jagoran bai yi gardama da shi ba. Ya buɗe ledar dabino da gyaɗa ya fara rabawa daga kan mai gunagunin, sannan ya ja hankalin kowa zuwa ga wasu ramuka da aka sassaƙa a jikin dutsen da ke tsallake, tsofaffin rumbuna inda mutanen kwarin ke ɓoye hatsi lokacin hare-hare. Kafin ya gama bayani matar ta dawo hayyacinta, babu kuma wanda ya ji cewa ita aka jira.

Daga nan kwarin ya buɗe a ƙarƙashinmu. Duwatsun duk a bushe suke, ja da ruwan ƙasa, sai siririn kore guda ɗaya da ya bi rafin yana lanƙwasa. Kowane ƙauye an ɗora shi a kan dutse ne, sama da gonaki, don ba a yarda a ɓata ƙasar noma da gini ba. Yara suna jin mu tun daga nesa, su fito su jera a bakin hanya suna miƙo tafin hannu a tafa. Wasu na roƙon biro da alewa da Faransanci. An hana mu bayarwa, kuma na ga hikimar hanin: yaron da ya saba samu yakan fara tsallakowa gaban keke mai gudu. An kuma hana ɗaukar mata hoto ba da izini ba. Mukan wuce su sun goyo damin ciyawa da ya fi su girma, sun sunkuya, suna hawan tudun da mu muka biya kuɗi don mu sha wuyarsa. Ban sami yadda zan ji daɗin wannan ba, sai dai in yi sallama in wuce. A wani kanti da muka tsaya sayen ruwa, mai shagon ya dube ni cikin Turawa ya ce, "Senegal? Mali?" Na ce Najeriya. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Okocha!"

Ƙaya ta huda mini tayar baya a wajen wani ƙauye. Na ɗaga hannu, kafin in gama sauka makaniki ya iso. Ya kwance ƙafar, ya zare tib, sannan ya zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har ya taɓo kan ƙayar ya cire ta da farce. Ya ce wanda ya tsallake wannan zai sake faci kafin kilomita ɗaya. Sabon tib, famfo, ya mayar. Tsohon ya jefa a jaka, da dare zai liƙe shi.

La'asar sakaliya iska ta taso daga gaba, irin wadda ke sa mutum ya tuƙa ko a gangara. Jagora ya jera mu layi ɗaya, masu ƙarfi a gaba suna karɓa-karɓa, sauranmu kowa ya laɓe a bayan na gabansa, taya kusa da taya. Sauƙin da ake samu a wannan laɓewa sai wanda ya gwada. A nan matasan Holan suka yi rana, har da mai na'urar nan, wanda ya ja mu tafiya mai tsawo bai ce uffan ba. Tsohuwar Bajamushiya kuwa ta ɗaga hannu, aka ɗora kekenta, ta shiga mota ta ci lemo, da iska ta lafa ta sauko ta ci gaba. Ba ta ba kowa haƙuri ba, kuma daidai ta yi. Motar ai cikin kuɗinta take.

Muka wuce tsohon ginin Tamdakt, inda wasu fararen tsuntsaye dangin shamuwa suka yi manyan sheƙuna a kan hasumiyoyi, sai ga dabino ya fara bayyana, alamar mun sauko ƙasa sosai. Ait Bin Haddu tana jingine da wani tudu a tsallaken rafi, gini bisa gini, duk launin ƙasar da aka yi su da ita. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, masu shirya fina-finai kuma sun daɗe suna amfani da ita. Yawancin mutanen garin sun koma sabon ƙauyen da ke bakin titi, 'yan gidaje kaɗan suka rage a ciki, sauran shagunan tsaraba ne. Na tsaya na duba bangon da kyau. Ba irin tubalinmu da ake mulmulawa da hannu ba ne. Katako biyu suke kafawa, su zuba ƙasa mai danshi a tsakani su daddaɓe, su ɗaga katakon su sake. Har yanzu ana ganin layin kowane zubi da ramukan sandunan da suka riƙe katakon. Can sama ne suke sa ƙananan bulo na ƙasa su fitar da ado. Ciwonsu dai ɗaya da na ginin Kano, shekarar da aka fasa yaɓe ruwa ya fara ci. Hawa zuwa rumbun da ke ƙolin tudun da ƙafa ake yi, kuma bayan yini a kan sirdi matakalar nan ta fi kowane tudu cin rai.

A masauki kowa ya kama abin da ke gabansa. Wandon soson nan dole a wanke shi a daren, a shanya, don wanda ya maimaita shi da gumi zai kwana da ƙuraje inda ba ya iya nuna wa kowa. Makaniki ya jera kekuna a tsakar gida yana goge sarƙoƙi yana ɗiga musu mai, yana matsa kowane birki. Aka kawo miyar harira da tajin na kaza da zaitun, jagora ya sake shimfiɗa taswira don ta gobe, aka kuma tuna mana a cika gorunan ruwa tun dare.

A lokacin agogon Maroko daidai yake da namu in ba a watan azumi ba, don haka na san Hajiya ba ta kwanta ba, na kira ta. Ta tambayi abin da na wuni ina yi, na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yanzu kai da motarka, ka hau jirgi ka je wata ƙasa, ka biya kuɗi don a ba ka keke ka tuƙa?" Na ce e, Hajiya. Ta ce to Allah ya kyauta, in na dawo ga keken Malam can a zaure yana tsatsa, ita ba za ta karɓi ko sisi ba.